Yadda ake aikin sa kai a gidan yari: daga cike takarda har ranar da aka rufe ƙofa a bayanka

Ranar da aka sa mini in fara koyar da karatu a gidan yari, ban ga fursuna ko ɗaya ba. Na isa da wuri, aka duba katina, aka caje ni, aka zaunar da ni a kan benci tsakanin ƙofa ta farko da ta biyu. Na fi sa'a ɗaya a nan. Can sai wani gandiroba ya leƙo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ƙidaya ba ta cika ba, yau ba mai fitowa." Na kwashi littattafaina na koma gida, raina ba daɗi.

Da mako ya zagayo na sake zuwa. Ana shigo da ɗaliban, wani dattijo mai furfura ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Malam, ashe ka dawo. An ce mana ka zo wancan makon." Sai da na daɗe a aikin kafin na gane nauyin maganar nan. Mutanen da ke ciki sun sha ganin masu zuwa da ɗoki sau ɗaya ko sau biyu, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abin da suka fara aunawa a wurina shi ne ko zan sake zuwa.

Abin da zan zayyana a nan tsarin da ake bi ne a galibin gidajen yari. Dokoki suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga wannan gida zuwa wancan. Duk inda maganata ta saɓa da abin da hukumar gidan ta gaya maka, tasu za ka bi.

Ka fara sanin abin da za ka kai

Tausayi kaɗai ba ya isa a buɗe maka ƙofa. Hukumar gida za ta tambaye ka me za ka yi, ranar yaushe, na tsawon wane lokaci, da mutum nawa. Ayyukan da aka fi buƙata sanannu ne: koyar da karatu da rubutu da lissafi, koyar da sana'a irin ɗinki da kafinta, karatun addini, kula da ɗakin karatu, zama da masu son barin shaye-shaye, shirya waɗanda suka kusa fita, da ziyartar wanda ba shi da mai ziyartarsa. Lauyoyi kuma suna da nasu fagen, musamman wajen masu jiran shari'a. Ka zaɓi abu ɗaya da ka iya da gaske.

Ka kuma san wa za ka tarar. Mutanen da ke tsare a gidajen yarin duniya sun haura miliyan 11, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ke nan wanda zai zauna a gabanka mai yiwuwa ne kotu ba ta same shi da laifin komai ba tukuna. Mata kuwa kimanin kashi 7 cikin 100 ne na fursunonin duniya, da yawansu iyaye ne, wasu ma da goyo a bayansu.

Aikin nan yana da gindin zama a doka. A watan Disamba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabunta ƙa'idojin kula da fursunoni, guda 122, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure. Ƙa'ida ta 88 ta ce a riƙa nuna wa fursuna cewa har yanzu shi ɗan al'umma ne, kuma a jawo ƙungiyoyin waje su taimaki ma'aikata wajen gyaran hali. Ta 104 ta yi maganar ilimi, ta 64 ɗakin karatu, ta 65 malaman addini. Akwai kuma ƙa'idojin Bangkok na 2010, guda 70, da suka shafi mata. Ka nemi waɗannan ka karanta ko da sau ɗaya. Ba don ka je kana kafa wa ma'aikata hujja ba. Don ka san cewa ajin da za ka buɗe haƙƙi ne na waɗanda za su zauna a cikinsa. Amfaninsa ma an auna: a 2013 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta tattara nazarce-nazarce, ta gano cewa waɗanda suka yi karatu a gidan yari yiwuwar komawarsu ciki ta ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba.

Ta hannun wa za ka shiga

Da wuya a karɓi mutum shi kaɗai, ya zo bakin ƙofa ya ce ya zo taimako. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi ta ƙungiyar da hukumar gidan ta riga ta sani. Haka abin ya faro tun da. Elizabeth Fry ta fara shiga kurkukun Newgate na Landan a 1813, ta ga mata da 'ya'yansu a cunkushe, amma aikinta bai kafu ba sai da ta haɗa ƙungiyar mata masu ziyara a 1817, suka buɗe makaranta suka fara koyar da ɗinki. A zamaninmu akwai irin su Prison Fellowship, wadda Charles Colson ya kafa a 1976 bayan shi kansa ya yi zaman gidan yari saboda badaƙalar siyasa ta Watergate a Amurka, da Shannon Trust ta Birtaniya, wadda ke horar da fursunonin da suka iya karatu su koya wa 'yan'uwansu. Idan ba ka san wata ƙungiya kusa da kai ba, ka rubuta wa shugaban gidan, ko ka nemi ganin jami'in walwala, ko mai kula da sashen ilimi, ko limamin gidan ko fastonsa. Su ne suka san inda ake da giɓi.

Daga nan sai takardu. Za ka cike fom, ka kawo katin shaida da hotuna, ka ba da sunayen waɗanda za su tsaya maka. A wurare da dama za a ɗauki hoton yatsunka a bincika ko kana da tarihin laifi. Abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ka riƙa tuntuɓa cikin ladabi, kada ka ɗauka an ƙi ka.

Abu biyu kada ka kuskura ka ɓoye. Na farko, idan an taɓa ɗaure ka ko an taɓa kama ka. Wannan ba lallai ya hana a karɓe ka ba, tsofaffin fursunoni suna cikin waɗanda aka fi saurara a ciki. Ƙaryar ce ke hanawa. Na biyu, idan kana da ɗan'uwa, aboki ko maƙwabci a tsare a gidan. Ko bayan ka fara aiki ne ka hango fuskar da ka sani, ka faɗa a ranar.

Yawanci za a yi maka bita kafin a ba ka izini. A Amurka, alal misali, dokar 2003 ta yaƙi da fyaɗe a gidajen yari ta sa dole a wayar da kan 'yan sa kai game da cin zarafi da yadda ake kai rahotonsa. Ka je bitar da biro da takarda, ka yi tambaya har sai ka gamsu. Wa zan kira idan ba zan samu zuwa ba? Idan ƙararrawa ta kaɗa me zan yi? Wa zan gaya wa idan wani ya ce zai kashe kansa? Wane irin littafi aka yarda da shi, kuma kwana nawa kafin aji zan miƙa shi a duba? Ka rubuta amsoshin. A wasu gidajen yarin Amurka har za a sanar da kai cewa idan aka yi garkuwa da kai hukuma ba za ta saki kowa don a fanshe ka ba. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma gara ka ji tun kana waje, ka yi shawara da iyalinka.

Daren da za ka wayi gari ka tafi

Ka zazzage aljihunka da jakarka kaf, ka mayar da abin da aka yarda da shi kawai. Waya, layin waya, katin ajiyar bayanai, agogo mai haɗuwa da intanet, kuɗi, sigari, ashana, wuƙa ko da ta yanke farce ce, almakashi, kwalba: duk a bar su a gida ko a akwatin ajiya na bakin ƙofa. Cingam ma an hana shi a gidaje da yawa, don ana iya ɗaukar samfurin makulli da shi ko a toshe kwaɗo. Littafin rubutu mai zaren ƙarfe a gefe shi ma yakan zama matsala. Idan kana shan magani wanda dole ya kasance tare da kai, ka nemi izini a rubuce tun kafin ranar. Kada ka ɗauki maganar waya da wasa: a Ingila shigar da ita gidan yari ba da izini ba laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara biyu, kuma "mantawa na yi" ba ta cika fitar da mutum ba.

Tufafi su zama masu rufe jiki, marasa ɗaukar ido, takalmi mai rufe ƙafa wanda za ka iya sauri da shi. Ka tambayi launin da aka hana. A jihar Kalifoniya ta Amurka ba a barin baƙo ya sa shuɗin jins, saboda ya yi kama da kayan fursunoni, kuma idan rikici ya tashi dole mai gadi ya iya bambance ka da kallo ɗaya. Ke kuma 'yar'uwa, ki rage sarƙa da 'yan kunne da turare, ki kuma sani cewa ƙarfen da ke cikin wasu rigunan mama yana tayar da na'urar bincike, ya jawo miki caje na biyu.

Sannan ka ƙirga kayan aikinka ka rubuta. Fensir goma sha biyu, littafi goma sha biyu, alli kwali ɗaya. Yadda suka shiga haka za su fito.

Idan kana tari ko zazzaɓi, ka aika saƙo ka zauna a gida. Inda mutane suke a cunkushe iska kuma ba ta ratsawa, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa; shi ya sa tarin tibi ya fi yawa a gidajen yari fiye da waje, haka ma ƙazuwa. Kariyar ta kowane ɓangare ce. Ka riƙa wanke hannu, kuma idan tari ya kama ka ya wuce mako biyu, ka je asibiti ka gaya wa likita inda kake aiki.

A bakin ƙofa

Ka isa da aƙalla rabin sa'a kafin lokaci. Za ka rubuta sunanka da lokacin shigarka a rajista, a karɓi katinka a ba ka na baƙi ka rataya, ka bi ta na'ura, a shafa jikinka. A bisa al'adar aikin namiji ke caje namiji, mace ta caje mace. Wasu wuraren akwai karnuka masu sansano ƙwaya. Ƙa'ida ta 60 ta Mandela ta ce ba a caje baƙo sai da yardarsa kuma ba a wulaƙanta shi, yana iya cewa bai yarda ba, amma su ma suna iya hana shi shiga. Ko ka shekara biyar kana zuwa, ranar da aka ce cire takalmi, ka cire ba tare da ɓata fuska ba. Mai cajen aikinsa yake yi, kuma cajen nan shi ne shaidarka ranar da aka tsinci wani abu a ciki.

Ƙofofin bibbiyu ne, ba a buɗe ta gaba sai an rufe ta baya. Za ka tsaya a tsakani na ɗan lokaci, ƙarfe a gaba ƙarfe a baya. Kusan kowa gabansa yakan faɗi a nan a karon farko. Ka ja numfashi, zai wuce. Ciki kuma akwai hayaniya, da ƙarar makullai, da warin wurin da mutane da yawa ke kwana a ɗan fili. Ka bi ɗan rakiyarka, kada ka wuce gabansa, kada ka ratse. Idan kun bi ta gaban ɗakunan kwana, ka kawar da kai. Wannan ɗan lungun shi ne ɗakin mutum, a nan yake tuɓewa, a nan yake kuka. Wanda ya gaishe ka ka amsa masa da fara'a, ka ci gaba da tafiya.

Ana ƙirga fursunoni sau da yawa a yini, kuma muddin lissafi bai daidaita ba komai tsayawa yake. Haka idan aka yi faɗa, ko ana binciken ɗakuna, ko ma'aikata sun yi ƙaranci, sai a kulle kowa a soke aji. Ba wanda zai yi maka dogon bayani, kai ma kada ka nema. Idan ƙararrawa ta kaɗa kana ciki, ka matsa jikin bango ka ba da hanya, ka yi abin da gandiroba ya ce nan take. Rabon faɗa ba aikinka ba ne.

Gandirobobi kuwa, ka riƙe su da mutunci. Kai sa'a biyu za ka yi ka tafi, su a nan suke yini, a nan suke kwana. Ajinka ƙarin aiki ne a kansu: su za su buɗe ɗakuna, su rako mutane, su tsaya gadi, su mayar da su. Ka gaishe su, ka san sunayensu da muƙamansu, ka yi godiya in za ka fita. Kada ka yi musu da ma'aikaci a gaban fursunoni, kada kuma ka zauna ana zagin ma'aikata kana gyaɗa kai. Idan ka ga an ci zarafin wani, ba a ce ka yi shiru ba. Ka rubuta abin da idonka ya gani, da rana da lokaci, ka kai wa mai kula da kai a ƙungiya da jami'in da aka nuna maka a bita. Ta nan magana take yin tasiri.

Zaman farko

Ka shiga ɗakin kafin ɗalibai in da hali. Ka duba inda ƙofa take, ka zauna ta wajenta, ka san inda maɓallin neman agaji yake ko inda mai gadi ke tsaye. Kada ka keɓe da mutum ɗaya a inda ba mai ganinku.

Ka gabatar da kanka a taƙaice, ka tambayi kowa sunan da yake so a kira shi da shi. A wurin da ake kiran mutum da lamba, jin sunansa daga bakin baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya girme ka ka ba shi girmansa. Dattijon nan nawa "Baba" nake ce masa har muka rabu.

Kada ka tambayi kowa me ya kawo shi. Tambayar tana iya jefa shi cikin haɗari idan wasu suka ji amsar, tana iya shafar shari'arsa idan ba a gama ba, kai kuma tana iya sauya yadda kake kallonsa alhali karatu ka zo koya masa. Idan shi ya kawo zancen, ka saurara, ba sai ka yanke hukunci ko ka wanke shi ba. Ka kuma daure kada ka je kana binciken sunayensu a intanet.

Tun a zaman farko ka gaya musu iyakar sirrin da za ka iya riƙewa. Ni ga yadda nake faɗa: "Abin da muka tattauna a nan ba zan kai shi waje ba. Amma idan wani ya ce zai cutar da kansa, ko zai cutar da wani, ko ana cutar da shi, ko maganar makami ko gudu, dole in sanar. Na gaya muku tun yanzu don kada wani ya ce na ci amanarsa." Ba wanda ya taɓa jin haushin wannan a cikinsu. Sun fi kowa sanin darajar a gaya maka doka kafin ka taka ta. Maganar kashe kai musamman kada ka raina ta ko da cikin raha aka yi ta. Kwanakin farko na tsarewa da lokacin da aka yanke hukunci suna cikin mafi haɗari. Saboda haka ne ƙungiyar Samaritans, mai sauraron waɗanda ke cikin ƙuncin rai, ta fara horar da fursunoni masu sauraron 'yan'uwansu a kurkukun Swansea na Birtaniya a 1991. Kai dai naka shi ne ka sanar kafin ka bar gidan a ranar.

Ka shirya darasin da zai tsaya da ƙafarsa a zama ɗaya, domin ajin yau ba lallai shi ne na mako mai zuwa ba. An kai wannan kotu, an mayar da wancan wani gida, an sallami wani, an kawo sababbi uku. Ka kuma lura da kunya. Babban mutum ba zai ce bai iya karatu ba a gaban yara. Zai ce idonsa ne ba ya gani sosai, ko ya bar tabarau a ɗaki. Kada ka tilasta wa kowa karatu a bayyane. Baba sai da ya yi mako uku yana cewa ido, ni kuma ina zama kusa da shi ina jan layi a takarda kamar don kaina nake yi. A mako na huɗu ya karɓi fensirin, ya riƙe shi da yatsu huɗu kamar zai tsere masa, ya danna har bakin ya karye. Na ba shi wani. Kafin a tashi ya rubuta harafin farko na sunansa sau tara, layin na gangarowa ƙasa, ya rufe da tafin hannu don kada na kusa da shi ya gani.

Ƙananan roƙo

Nan ne aka fi samun matsala, don haka zan daɗe a kai.

Wata rana ana tashi wani saurayi ya tsaya a baya yana taya ni tattara littattafai. Ya rage murya ya ce, "Malam, don girman Allah. Mahaifiyata ba ta da lafiya, wata biyu ban ji daga gida ba. Lamba ce kawai, ka kira ka ce ina lafiya." Ya turo wata 'yar takarda a ƙarƙashin littafi. Idonsa ya ciko. Har yau ina ganin gaskiya ya faɗa. Na mayar masa da takardar na ce, "Ba ni da izinin fita da saƙo, ko na baki ko na takarda. Amma yanzu zan je wurin jami'in walwala in gaya masa kana neman labarin mahaifiyarka, mako mai zuwa kuma zan tambaye ka ko an yi wani abu." Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Na je na faɗa, da na dawo kuma na tambaye shi.

Me ya sa ba za ka kira ba, alhali minti ɗaya ne? Domin ba ka san lambar wa ce ba. Tana iya zama ta uwa, tana iya zama ta mai shaida a shari'arsa, ko ta wanda aka cuta, wanda kotu ta hana a tuntuɓa. Ko da ta uwar ce, gobe gidan duka ya san cewa malamin nan yana fita da saƙo. Masu ƙarfi a ciki za su matsa wa yaron ya kawo maka nasu, ka ga ka jefa shi a wahalar da ba ya ciki a da. Ranar da abin ya fito kuma, ba kai kaɗai za a kora ba, ajin za a rufe, mutum ashirin su rasa.

Galibin masu roƙo buƙata ce ta gaske ke sa su. Amma akwai ƙalilan da suka ƙware wajen jan mutum a hankali, kuma salon kusan iri ɗaya ne. Za a fara da yabo: kai ba kamar sauran ba ne, kai kaɗai ke fahimtarmu. Sai a gutsura maka wani sirri don ka ji an yarda da kai. Sai a nemi wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba, biro ɗaya, ambulan ɗaya. Sai a ce kada ka gaya wa kowa. Daga ranar da ka yarda da wannan ɓoyon, an samu igiyar da za a ja ka da ita, domin roƙo na gaba zai zo da tuni cewa ka riga ka karya doka sau ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsole maka ido. Ma'aikata masu shekaru a aiki ma an kama su ta wannan hanya, balle baƙo mai zuciyar taimako.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: duk abin da ba zan iya faɗa wa mai kula da ni a ƙungiya ba, ba zan yi shi ba. Kada ka shigo da komai don wani, kada ka fita da komai. Kada ka ba da kyauta, kada ka karɓa, ko da abin hannu ne da ya yi da kansa, sai da izini. Kada ka ba da lambar wayarka, ko unguwarku, ko makarantar 'ya'yanka, ko sunanka na Facebook. Kada ka ba da shawarar shari'a in ba kai lauya ba ne da aka shigo da kai don haka. Idan ka ji zuciyarka ta fara karkata ga wani ko wata fiye da aikin, ka gaya wa mai kula da kai a sauya maka wuri. Soyayya tsakanin ɗan sa kai da wanda ke tsare haramtacciya ce kusan a ko'ina, a wasu ƙasashen ma laifi ce da ake hukuntawa.

Idan kuma ka riga ka zame, ka karɓi takarda ko ka yi alkawarin da bai kamata ba, ka kai kanka a ranar. Kuskuren da ka faɗa da bakinka yawanci jan kunne ne. Wanda ka ɓoye shi ke girma.

Ka kiyayi "zan duba" da "zan yi ƙoƙari" idan ka san ba za ka yi ba. A waje maganar sallama ce. A ciki mutum zai riƙe ta kwana bakwai yana juyawa, ya zo aji yana kallon hannunka. Alkawari kaya ne, a can kuwa nauyinsa ninki ne. "A'a" a fili, da fuska a sake, ta fi masa sauƙi.

Fita, da abin da ke biyo ka gida

Ka ƙirga kayanka kafin a fitar da ɗalibai. Idan fensir ɗaya ya ɓace, ka faɗa a wurin, kada ka rufe don gudun a caje su. Ka sa hannu a rajista, ka karɓi katinka. Duk abin da ya tsaya maka a rai, ka sanar kafin ka wuce ƙofar ƙarshe.

Ka sa ran wani nauyi a ƙirji a makonnin farko. Kai ka fito kana shaƙar iska, su an mayar da su an kulle. Wasu sukan yi hawaye a hanya, wasu barci ya ƙaurace musu, wasu su ji haushin kowa. Ka samu wanda za ka riƙa tattaunawa da shi a cikin abokan aikin, kada ka tara. Idan abin ya fara shafar barcinka da zamanka da iyali, ka nemi hutu, ka ga mai ba da shawara. A waje kuma ka riƙe bakinka: ba suna, ba hoto, ba labarin da za a iya gane mai shi. Za ka haɗu da masu cewa me ya sa ba ka je ka taimaki waɗanda aka cuta ba. Kada ka yi fushi da su, tambayar tana da tushe, wataƙila ma mai yin ta an taɓa cutarsa. Ni nakan ce yawancin waɗanda ke ciki za su fito wata rana su zauna a cikinmu, kuma na fi son su fito da abin yi a hannu.

Ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa. Sa'a biyu a mako na tsawon shekara ta fi kullum-kullum na wata ɗaya. Ranar da ba za ka zo ba, ka aika saƙo da wuri a gaya musu. Idan za ka bar aikin, ka sanar da su makonni kafin lokacin, ka faɗi ranar ƙarshe, ka miƙa wa wanda zai gaje ka bayanin inda kowa ya tsaya. Game da hulɗa da wanda aka sallama, ka tambayi dokar gidan da ta ƙungiyarka. Wurare da yawa sun hana sai ta hanyar shirin da aka amince da shi.

Su kuwa ba kullum suke samun damar sallama ba. Wata rana na shiga na tarar da wurin Baba ba kowa, aka ce an mayar da shi wani gida da asuba. Littafinsa yana cikin waɗanda nake ajiyewa a sashen ilimi, ya kai shafi na goma sha ɗaya, sunansa cikakke a saman kowane shafi. Na kai wa jami'in ilimi na ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai yadda za a yi wannan ya same shi?" Ya buɗe ya duba, ya rubuta lambar Baba a bangon, ya sa a cikin takardun da za su bi motar mako mai zuwa.